BABI NA UKU: LAMBOBI DA TAMBURAN TSOFAFFIN LIBARBA A MATSAYIN HUJJAR TARIHI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren makaman da aka yi amfani da su a lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa da yaƙi, wato tsakanin shekarar 1897 da 1906. A wannan babi kuwa za a taƙaita nazari a kan makami guda ɗaya, wato libarba, domin a ga yadda lambobi da tamburan da ke jikinta za su taimaka wajen gano inda aka ƙera ta da lokacin da aka ƙera ta. Dalilin yin haka shi ne, sau da yawa akan sami tsohon makami a gidan sarauta ko a gidan tarihi tare da labarin da aka gada game da shi, kamar a ce an ƙwato shi ne daga hannun wani Bature a yaƙi kaza. Irin wannan labari yakan shiga littattafai ba tare da an tantance shi ba, alhali kuwa ita kanta bindigar tana ɗauke da shaidar da za ta iya gaskata labarin ko ta ƙaryata shi. Abin da babin zai nuna shi ne, kowane tambari yana faɗin lokacin da aka buga shi ne kawai, saboda haka sai an karanta su gaba ɗaya, an jera su bisa shekarunsu, kafin a yanke hukunci.

3.1 Ma'anar Libarba da Hanyoyin Shigowarta

Libarba ƙaramar bindiga ce da ake riƙewa da hannu ɗaya, wadda take da gidan harsashi mai juyawa, mai ramuka biyar ko shida. Duk lokacin da aka ɗana ta sai gidan ya juya ya kawo sabon harsashi daidai da bututu. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt shi ne ya yaɗa ƙirarta, bayan ya yi rajistar fasaharsa a Ingila a 1835 da kuma Amurka a 1836. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ana ƙera ta da yawa a biranen Birmingham na Ingila da Liège na Beljiyam da Saint-Étienne na Faransa.

Libarba ba ta zama makamin yau da kullum ba a ƙasar Hausa kamar yadda bindigar toka ta zama. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, kuma ƙasar Hausa duk tana cikin wannan yanki. Don haka babbar hanyar shigowarta ita ce ta hannun hafsoshin Turawa. Ta ɓangaren Ingilishi akwai sojojin Kamfanin Neja da suka ci Bida da Ilori a 1897, da kuma Rundunar Kan Iyaka ta Afirka ta Yamma wadda Lugga ya kafa, wadda ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, da Sakkwato a watan Maris, sannan ta yi yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ta ɓangaren Faransawa kuwa akwai rundunonin da suka ci Damagaram a 1899, suka kuma kashe Rabe a yaƙin Kusuri a watan Afrilu na 1900. Bayan waɗannan, wajibi ne a tuna da Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, inda sojojin Nijeriya suka je Kamaru da Gabashin Afirka da Bama. Ke nan libarbar da aka samu a Kano ko Damagaram tana iya kasancewa ta kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamuna, waɗanda ke da tazarar kusan shekara hamsin.

3.2 Lambar Jeri

Lambar jeri ita ce lambar da masana'anta take bugawa a jikin kowace bindiga bisa jerin yadda ake ƙera su. Idan littattafan masana'antar suna nan, to lambar za ta iya kai mai bincike ga ainihin shekarar ƙira. Misali mafi fitowa fili shi ne libarbar soja ta kamfanin Colt wadda aka fara ƙerawa a 1873 daga lamba 1. A shekarar 1900 lambar ta kai wajen 192,000, sannan aka tsaya a 357,859 lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da aikin. Duk wanda ya san waɗannan iyakoki zai iya sanya kowace lamba a muhallinta.

Sai dai akwai matsaloli huɗu da suke hana a dogara da lambar jeri ita kaɗai. Ta farko ita ce, yawancin kamfanoni sukan sake fara ƙidaya daga 1 ga kowane sabon samfuri, wani lokaci ma ga kowace masana'anta. Colt ya buɗe masana'anta a Landan wadda ta yi aiki zuwa 1856, kuma libarbar samfurin 1851 da aka ƙera a can tana da nata jerin daban, wanda ya kai wajen 42,000, alhali ta Hartford a Amurka ta haura 215,000. Wannan yana nufin lamba 20,000 tana jikin bindigogi biyu masu siffa ɗaya. Abin da zai raba su shi ne adireshin da aka rubuta a bisa bututu, ko Landan ko New York.

Matsala ta biyu ita ce ɓacewar littattafai. Gobarar da ta cinye masana'antar Colt a Hartford a watan Fabrairu na 1864 ta tafi da yawancin bayanan shekarun farko, saboda haka jadawalin waɗannan shekaru ƙiyasi ne da masana suka haɗa daga baya. Ta uku ita ce rikita lambar jeri da lambar haɗi. Lambar haɗi gajeruwar lamba ce da maƙera suke bugawa a kan sassa domin kada na wannan bindiga su gauraya da na waccan a lokacin gogewa da rini. Ba ta da wata alaƙa da shekara, kuma da yawa daga libarbobin Beljiyam masu araha ita kaɗai ce lambar da ke jikinsu. Ta huɗu ita ce musanyar sassa. Akan buga lambar jeri a jikin bindiga da bututu da gidan harsashi. Idan lambobin uku ba su dace ba, to an haɗa bindigar ne daga gawarwakin wasu, kuma kowane sashe yana da nasa tarihin.

Haka kuma ya kamata a yi hattara da shekarun da ake gani a rubuce. A jikin libarbar Colt da aka ambata akwai shekarun 1871 da 1872 da 1875, amma waɗannan shekarun rajistar fasaha ne, kuma an ci gaba da buga su har a kan bindigogin da aka ƙera bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da irin wannan shekara take nunawa kawai shi ne ba a ƙera bindigar kafin ta ba.

3.3 Tamburan Gidajen Gwaji

A ƙasashen Turai da dama doka ta tilasta a gwada kowace bindiga kafin a sayar da ita. Akan ɗura mata albarushin da ya wuce kima a harba. Idan ba ta fashe ba sai a buga mata tambari. Da yake gidajen gwaji hukumomi ne masu dokoki a rubuce, kuma an san shekarun da suka sauya tamburansu, shaidarsu ta fi ta sunan kamfani ƙarfi.

3.3.1 Ingila

Ingila tana da gidajen gwaji biyu. Na Landan yana ƙarƙashin ƙungiyar maƙeran bindiga da ta sami izinin sarauta a 1637, kuma tambarinsa kambi ne a kan haruffan GP a sarƙe, tare da kambi a kan harafin V. Na Birmingham kuwa majalisar dokoki ce ta kafa shi a 1813, kuma shi ne ya fi amfani wajen gano shekaru, domin tamburansa sun kasu zamani uku kamar haka:

(a) 1813 zuwa 1904: sandunan sarauta biyu a gicciye, da kambi a sama, ɗaya da haruffan B, C, P, ɗaya kuma da harafin V.

(b) 1904 zuwa 1954: kambi a kan BP, da kambi a kan BV, da kuma kambi a kan NP ga bindigar da aka gwada da albarushi marar hayaƙi.

(c) Daga dokokin 1954 zuwa gaba: kambi a kan BNP.

Ga mai nazarin tarihin Arewacin Nijeriya shekarar 1904 tana da muhimmanci ƙwarai, domin ta zo ne shekara ɗaya bayan cin Kano da Sakkwato da Burmi. Libarbar kasuwa da ke ɗauke da tamburan rukuni na (b) kaɗai ba ta halarci waɗannan yaƙe-yaƙe ba.

3.3.2 Beljiyam

Birnin Liège ya shahara da ƙera bindigogi masu araha don kasuwannin duniya, har da na Afirka, kuma maƙeransa sun ƙware wajen kwaikwayon ƙirar wasu. A 1872 kamfanin Webley na Birmingham ya fito da wata gajeruwar libarba ta aljihu mai suna British Bull Dog. Ba a daɗe ba maƙeran Liège suka cika kasuwa da irinta, da wannan suna a rubuce da Ingilishi a samanta. Wanda ya dogara da sunan sai ya ɗauka ta Ingila ce. Abin da yake tona asirinta shi ne tambarin da ke bayan gidan harsashi, wato haruffan ELG da tauraro a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Idan da'irar ba ta da kambi, an gwada bindigar kafin 1893; idan tana da kambi, daga 1893 ne zuwa gaba. Bugu da ƙari, akwai harafi guda na jami'in da ya duba bindigar. Daga 1853 zuwa 1877 kambi ake ɗora wa harafin, daga 1877 kuma aka koma ɗora masa tauraro. Kambi a kan harafin R ya fara ne a 1894. Ta haka, libarbar da ke da tauraro a kan harafi da kuma ELG marar kambi ta faɗa tsakanin 1877 da 1893, ko da babu lambar jeri a jikinta.

3.4 Tamburan Gwamnati da na Soja

Rundunar sojan Ingila ta karɓi libarbar Webley mai faɗin baki .455 na inci a 1887, kuma an yi ta gyara ƙirarta ana sauya mata lambar samfuri, wadda ake rubutawa a gefen hagu na jikinta. Samfuri na 3 ya fito a 1897, na 4 a 1899, na 5 a 1913, na 6 kuma a 1915. Samfuri na 1 zuwa na 5 suna da gajeren bututu mai inci huɗu bisa al'ada da mariƙi mai lanƙwasa kamar kan tsuntsu, na 6 kuwa yana da bututu mai inci shida da mariƙi mai kusurwa, kuma akan buga shekarar ƙira a jikinsa. Saboda haka samfuri na 1 zuwa na 4 ne kawai suka wanzu a lokacin yaƙe-yaƙen 1903 da na Satiru a 1906.

A nan akwai tarko guda da ya kamata a sani. Kamfanin Webley ya sake amfani da sunan MARK IV ga wata libarba dabam, ƙarama, mai faɗin baki .38, wadda aka ƙera da yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu ma an buga musu WAR FINISH don nuna an gaggauta gamawa. Wanda ya ga sunan kawai bai duba faɗin baki ba zai iya mayar da bindigar sojan Bama ta zama ta zamanin Lugga. Haka nan tambarin kamfanin, wato harsashi mai fukafukai da haruffan W&S, ba ya tabbatar da cewa an ƙera bindiga bayan haɗewar Webley da kamfanin Scott a 1897, domin an yi amfani da haruffan tun kafin nan da ma'anar Webley da ɗansa.

Bindigar gwamnati tana ɗauke da alamar kan kibiya mai faɗi, wadda ke nufin mallakar gwamnati ce, a wasu lokuta tare da haruffan WD na ma'aikatar yaƙi. Tana kuma ɗauke da tambarin gwajin soja mai haruffan sarkin zamani a ƙarƙashin kambi: VR na Sarauniya Biktoriya har zuwa Janairun 1901, ER na Sarki Edward na 7 daga 1901 zuwa 1910, GR kuma daga 1910. Idan gwamnati ta sayar da bindiga, akan buga kibiyoyi biyu suna fuskantar juna baki da baki. Sunayen rundunoni ma suna da shekaru. Rundunar Nijeriya guda ɗaya ta samu ne a 1914 bayan haɗe ta Arewa da ta Kudu, kuma sai a 1928 aka ƙara harafin R a gaban WAFF. Idan aka ga RWAFF a jikin makami, to an buga shi ne daga 1928 zuwa gaba.

Wani abin lura shi ne, a wancan zamani hafsan Ingila da kuɗinsa yake sayen libarbarsa. Don haka bindigar hafsa tana iya zama ba ta da kan kibiya ko kaɗan, sai tamburan gidan gwaji da sunan kantin da ya sayar da ita. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kantuna shi ne Army & Navy na Landan, wanda aka kafa a 1871, kuma littattafan cinikin bindigoginsa, masu ɗauke da lambobi da sunayen masu saye, suna ajiye a Jami'ar Glasgow. Wannan ita ce hanya mafi kusa ta danganta bindiga da wani hafsa da sunansa.

Faransawa sun fi sauƙaƙa wa mai bincike. Libarbar sojansu ta samfurin 1873 da ta samfurin 1892 duk a masana'antar gwamnati ta Saint-Étienne aka ƙera su, kuma a kan bututu akwai shekaru biyu. Wadda ta biyo bayan haruffan Mle shekarar samfuri ce, wadda ba ta sauyawa. Wadda ta biyo bayan harafin S ita ce shekarar ƙira. An ci gaba da ƙera samfurin 1892 har zuwa shekarun 1920, saboda haka libarbar da aka samu a Damagaram mai ɗauke da Mle 1892 tana iya zama ta 1895 ko ta 1915, kuma shekarar da ke bayan S ce za ta raba gardama.

3.5 Gwada Labarin Baka da Tambari

Domin a ga yadda ake haɗa waɗannan shaidu, a ƙaddara an kawo libarbobi uku, kowace an ce an samo ta ne a yaƙin Burmi na 1903, kuma tun daga lokacin ba ta bar gidan masu ita ba.

Ta farko tana ɗauke da MARK VI da shekarar 1917 da haruffan GR. Wannan hukuncinta a fili yake: an ƙera ta shekara goma sha huɗu bayan yaƙin. Ba lallai ne a ce masu labarin ƙarya suka yi ba, domin mai yiwuwa wani kakansu ne ya zo da ita daga yaƙin Gabashin Afirka, daga baya labarai biyu suka haɗe a bakin jikoki.

Ta biyu tana ɗauke da MARK IV mai faɗin baki .455, da VR, da kan kibiya, lambobinta uku kuma sun dace. Zuwa nan komai ya yi daidai da 1903. Amma a bayan gidan harsashi akwai kambi a kan BNP, ga kuma kibiyoyi biyu masu fuskantar juna. Bindigogin soja ba sa bi ta gidan gwajin kasuwa sai ranar da za a sayar da su ga jama'a. Ke nan wannan bindiga tana hannun gwamnatin Ingila har aka sallame ta, kuma tana Birmingham bayan 1954. Tsohuwa ce ta gaske, amma ba ta kwana a ƙasar Hausa tun 1903 ba. Wannan misali shi ne yake nuna dalilin da ya sa tambarin da ya fi kowane sabunta yake da muhimmanci daidai da wanda ya fi kowane tsufa: na farko-farko yana nuna haihuwar bindiga, na ƙarshe yana nuna inda take a ranar da aka buga shi.

Ta uku tana da duk alamomin ta biyu, amma babu BNP, babu kibiyoyin sallama. Wannan ita ce kaɗai tamburanta ba su saɓa wa labarin ba. Duk da haka ba su tabbatar da shi ba, domin an ƙera dubban irinta, an kuma ci gaba da amfani da su shekaru da yawa bayan 1903. Abin da masanin tarihi zai iya rubutawa shi ne labarin mai yiwuwa ne. Kafin ya wuce nan sai ya nemi wata hujja daga waje, kamar rahoton soja da ya ambaci makaman da aka rasa, ko littafin kanti da ya danganta lambar da wani hafsa da aka san ya halarci yaƙin.

3.6 Matsalolin Bincike

Akwai abubuwan da suke wahalar da irin wannan aiki a Nijeriya. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin jerin makaman da aka haramta mallaka sai da izini na musamman, ba tare da ta ware tsofaffi ba. Wannan ya bambanta da Amurka, inda dokar 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Saboda haka mai irin wannan gado ba zai yi saurin fito da shi ga ɗalibi ba. Sannan tsatsa tana cin tambura, kuma goge ƙarfe da yashi ko toka domin ya yi ƙyalli ya fi tsatsar ɓarna, domin tamburan ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Abin da ya dace shi ne a tabbatar babu harsashi a ciki, a shafa mai kaɗan da tsumma, a duba da gilashin ƙara girma a hasken da ke zuwa ta gefe, sannan a zana ko a ɗauki hoton kowane tambari tare da rubuta sashen da yake.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa lambar jeri ba ta da amfani sai an san kamfani da samfuri da masana'anta, an kuma ga cewa tamburan gidajen gwaji na Birmingham da Liège, da haruffan sarakunan Ingila, da shekarar da ke bayan harafin S a bindigogin Faransa, suna ba da iyakokin shekaru da za a iya dogara da su. An kuma nuna cewa waɗannan shaidu suna da ƙarfin rushe labari gaba ɗaya, amma iyakar abin da za su yi wa labarin gaskiya shi ne su bar masa ƙofa a buɗe. Don haka ya kamata gidajen tarihi su riƙa rubuta abu biyu daban-daban a takardar kowane makami, wato abin da aka ji daga bakin masu shi da abin da aka karanta a jikinsa. A babi na gaba za a yi amfani da wannan hanya wajen nazarin manyan bindigogin sojan Turawa na wannan zamani.